Guru, pandit, suwami, acariya: ina bambancin, kuma su ma suna da sanadi?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da tambaya ga masu sanin tarihin addinan Indiya. Kullum muna jin guru, pandit, suwami, acariya, muni, ana liƙa su a gaban suna ko a bayansa, mu kuma duk mukan ce "malaminsu" mu wuce. Amma mu a nan Katsina ba ma haɗa gardi da alaramma, ko alaramma da gwani, kuma wanda ya sauke Ajuruma jiya ba a zaunar da shi a buzun mai karantar da Alfiyya. To su yaya abin yake? Wa ke ba mutum muƙamin, bayan wane karatu, shekara nawa? Suna da wani abu mai kama da sanadi da ijaza, ko kowa ya tara gashi ya yafa mayafi ruwan goro ya zama guru? Sannan Jain ɗin nan, reshen Hindu ne ko addini ne mai zaman kansa? Neman sani nake yi, ba muhawarar aƙida ba. A taimaka da bayani dalla-dalla.

Mai Nahawu, Masanawa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da zai warware maka rabin ruɗanin shi ne waɗannan kalmomi ba matakan tsani ɗaya ba ne. Wasu na karatu ne, wasu na barin duniya ne, ɗaya kuma na dangantaka ne tsakanin mutum biyu.

Guru shi ne na dangantakar. Asalin ma'anarsa a Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, "mai nauyi". Babu majalisar da ke naɗa shi. Mutum gurun wane ne saboda shi ya shigar da shi hanya, ya raɗa masa kalmomin da zai riƙa maimaitawa. Shi ya sa wannan laƙabi ya fi kowanne sauƙin sata.

Na karatu su ne upadhyaya, acariya, pandit da shastiri. Tsohon littafin dokokinsu, Manusmiriti, ya raba biyun farko: acariya shi ne wanda ya ɗaura wa yaro zaren shiga karatu sannan ya koyar da shi Weda, wato tsofaffin littattafansu masu tsarki, gaba ɗaya da ilimin da ke tare da ita, upadhyaya kuwa yana koyar da wani sashe ne don abin sawa a baka. A yau kalmomin sun zama sunan takardar shaida. A jami'ar Sanskirit ta Sampurnanand da ke Banaras, wadda ta faro a matsayin kwaleji a 1791, Shastiri daidai yake da digirin farko, Acariya kuma digiri na biyu. Lal Bahadur Shastiri, firaministan Indiya na biyu, ba sunan gidansu ba ne Shastiri, shaidar karatu ce daga Kashi Widyapit ta manne masa. Pandit kuwa a yi hattara da shi. Asalinsa masanin da ya haddace matani kuma yana iya kare shi a zaman muhawara, amma ana kiran Nehru, firaministansu na farko, pandit alhali lauya ne, saboda danginsa na Kashmir haka ake kiransu. Manyan makaɗan gargajiya 'yan Hindu ma pandit ake ce musu, Musulminsu kuma ustad.

Suwami ba ya nuna yawan karatu, yana nuna mutum ya karɓi sanyasa, wato ya fita daga rayuwar gida. A layin Shankara, ɗaya daga manyan malaman Hindu masu mazhaba, ga yadda ake yi: mutum zai yi wa kansa sadakar mamaci tun yana raye, a hura wuta a yi hadayar da suke kira wiraja, a aske masa tukku, ya cire zaren da yake ratayawa tun yana yaro, ya furta kalmar rabuwa da duniya, sannan gurunsa ya ba shi mayafi ruwan goro, sanda, butar ruwa da sabon suna. Tunda an riga an yi masa abin da ake yi wa mamaci, idan ya mutu ba a ƙona shi kamar sauran 'yan Hindu, binne shi ake yi a zaune.

Yanzu batun sanadi. Suna da shi, sunansa parampara, kuma ɗalibi yakan jero shi kafin ya buɗe littafi. Na Shankara yana bi ta malaminsa Gowinda zuwa Gaudapada. Ana jingina masa cibiyoyi huɗu, kowace da Wedarta: Shiringeri a kudu da Yajur, Duwarka a yamma da Sama, Puri a gabas da Rig, Jotirmat a arewa da Atarwa. Suwamin wannan layi ƙarshen sunansa ɗaya ne cikin goma, kuma kowane suna yana komawa ga cibiya. Saraswati, Bharati da Puri na Shiringeri ne. Tirta da Ashirama na Duwarka. Wana da Aranya na Puri. Giri, Parwata da Sagara na Jotirmat. Lura da tarkon da ke ciki: mai suna Puri ba ɗan cibiyar garin Puri ba ne, na Shiringeri ne. Mutane da yawa a nan suke zamewa.

In ba ka ji sunan ba, dubi goshi da sanda. Layi uku na toka a kwance, da sanda ɗaya, alamar mutanen Shankara ce. Farin zane a tsaye da jan layi ko rawaya a tsakiya na mabiyan Ramanuja ne, wani babban malamin mai tasa mazhabar, waɗanda suwaminsu ke riƙe sanduna a ɗaure da ake kira mai uku, kuma shi ba ya aske tukku, ba ya cire zare. Na uku a manyan masu sharhi shi ne Madwa na Udupi, wanda ya bar gidaje takwas, shugabanninsu suna karɓa-karɓar kula da ɗakin bautar garin, shekara bibbiyu. Su ukun nan littafi ɗaya suka yi wa sharhi, Barahma Sutira, suka fito da fahimta uku: Shankara ya ce rai da asalin samuwa abu ɗaya ne, Madwa ya ce daban suke har abada, Ramanuja ya ce haɗe suke kamar jiki da ransa. A wajensu ba a ɗaukar mutum ya kafa mazhaba sai an ga sharhinsa a kan wannan littafi.

Na Tsangaya:

Allah ya gafarta Malam, ka bar ɓangaren da ya fi kusa da gwanin da mai tambaya ya ambata, wato mahaddata Weda. Kwatance ne na hanyar hadda kawai, ba na daraja ba, kada wani ya juya maganar.

Rig Weda waƙoƙi 1,028 ne a kashi goma, baiti sama da dubu goma. An ɗauki ƙarnuka ana miƙa ta baki da baki, kuma har yanzu wanda ya koya daga takarda ba a lissafa shi cikin mahaddata. Litattafansu sun yanka shekara 12 ga Weda ɗaya, yaron gidan malamai kuma yana shiga yana ɗan takwas. Kowace Weda tana da rassa, kamar yadda riwaya take, kuma gida ɗaya reshe ɗaya yake riƙewa. Patanjali, wani tsohon malamin nahawunsu, ya lissafa 21 ga Rig, 101 ga Yajur, 1,000 ga Sama, 9 ga Atarwa. Waɗanda ake karantawa yau ba su wuce goma sha 'yan kai ba. Reshe yana mutuwa ne ran da mai riƙe da shi na ƙarshe ya mutu bai bar ɗalibi ba. A 2003 UNESCO ta sa wannan karatu cikin gadon ɗan Adam da ya kamata a kiyaye.

Yadda suke tsare matani daga zamewa shi ne abin kallo. Baiti ɗaya ana haddace shi sau da dama, kowane da saƙarsa. Bari in yi misali da Hausa: "ruwa ya sauka jiya".

Mataki na farko, sanhita, karanta shi yadda yake a haɗe. Na biyu, pada, kalma-kalma a rarrabe. Na uku, kirama, bibbiyu masu cizon juna: ruwa ya, ya sauka, sauka jiya. Na huɗu, jata, wato kitso: ruwa ya, ya ruwa, ruwa ya, sannan ya sauka, sauka ya, ya sauka. Na ƙoli shi ne gana: ruwa ya, ya ruwa, ruwa ya sauka, sauka ya ruwa, ruwa ya sauka. Furuci 13 ke nan a kan kalma uku, sai a matsa gaba da kalma ɗaya a sake. Wanda ya iya wannan a kan Wedarsa duka shi ake kira ganapati, kuma shi ne gangaran ɗinsu.

A Hausa abin kamar wasan yara ne, amma a Sanskirit nan gizo ke saƙa. Ƙarshen kalma yana narkewa cikin farkon ta gaba, sautin ya canza. In ka juya kalmomin baya, narkewar wata ce daban, karin sauti ma ya motsa. Don haka ba jeri kaɗai yake haddacewa ba, yana aiki da ƙa'idar sarfu ne a kowane numfashi. Amfaninsa kuwa a fili yake: in kalma ɗaya ta faɗi a karatun farko, za ta tona kanta a sauran huɗun.

Karin sautin uku ne, na sama, na ƙasa, da mai gangarowa. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san kuka ta miya da kuka na hawaye harafi ɗaya ne, murya ce ta raba su. Suna da labarin da suke tsorata ɗalibi da shi. Wani mai suna Tuwashta ya yi hadaya yana neman ɗa da zai kashe Indira, ɗaya daga abubuwan bautarsu, sai ya ɗora karin a gaɓar farko ta kalmar indirashatiru maimakon ta ƙarshe. Ma'ana ta juye daga "mai kashe Indira" zuwa "wanda Indira zai kashe", kuma a labarin haka ta faru. Saboda gudun irin wannan, malaman Nambudiri na Kerala suna kama kan yaro da hannu, su ɗaga shi, su sunkuyar, su karkata, har wuya ya haddace abin da kunne bai riƙe ba tukuna. Wasu rassan da hannu suke nuna karin, masu Sama kuma da gaɓoɓin yatsu.

Inda aibin yake: ana samun wanda ya kai gana amma bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, domin ma'ana fanni ne daban da malaminsa daban. Tun da daɗewa Yaska, mai littafin asalin kalmomi, ya kwatanta irin wannan da ginshiƙi mai ɗauke da kaya. Sannan ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba, tsawon tarihi 'ya'ya maza na wasu dangogi kaɗai ake ɗauka.

Malamar Tarihi, Daura:

Ƙanena mai tambaya, Jain addini ne daban. Ba su yarda da Weda a matsayin hujja ba, ba su yarda akwai mahaliccin duniya ba, malanta kuma a wajensu ba gadon gida ba ce. Ƙidayar 2011 ta same su wajen miliyan huɗu da rabi, kashi 0.4 cikin ɗari na mutanen Indiya, amma rumbunan littattafansu na Patan da Jaisalmer suna cikin mafi tsufa a ƙasar.

Suna lissafa manyan jagorori 24 da suke kira tirtankara, wato mai yanka mashigi a kogi. Na ƙarshe Mahawira, an haife shi kusa da Waishali a jihar Bihar ta yau. Ya bar gida yana da 30, ya yi shekara 12 da rabi yana horar da kansa, ya mutu a Pawapuri yana da 72. Lissafin da Jain suka fi bi ya sa mutuwarsa a 527 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masana tarihi kuma suna jawo ta kusa da zamaninmu da gomman shekaru har zuwa ɗari, saboda ya yi zamani da Buda.

Tsanin da ka nema a nan ya fi fitowa, domin yana cikin addu'arsu ta kullum, wadda ke gaida rukuni biyar: arihant, sidda, acariya, upadhyaya, sadu. Biyun farko sun gama tafiya. Ukun ƙarshe su ne rayayyu da za ka iya gani. Sadu ko muni shi ne wanda ya ɗauki manyan alkawura biyar: ba cutar da mai rai, ba ƙarya, ba ɗaukar abin da ba a ba shi ba, ba kusantar jinsi, ba mallaka. Upadhyaya muni ne da aka ɗora wa koyar da littattafai. Acariya shi ne shugaban ayari, shi ke shigar da sabo, shi ke yanka kaffarar wanda ya yi kuskure, shi kuma ke nuna magajinsa. Don haka Malam Mai Nahawu, a Jain acariya ba takardar jami'a ba ce ko kaɗan, naɗi ne.

Sun rabu biyu. Digambara, muninsu tsirara yake, kuma ba a kai ga haka rana ɗaya. Ana fara zama shullaka mai bante da mayafi, sannan ailaka mai bante kaɗai, sannan muni. Kayansa biyu ne tak: tsintsiyar gashin dawisu da ya zube da kansa, don share ƙwari kafin ya zauna, da butar ruwan tsarki. Yana ci sau ɗaya a rana, a tsaye, ana zuba masa a tafukan hannunsa. Kafin ya fito yakan ƙudurta wani sharaɗi a ransa, misali sai gidan da ya ga an riƙe wani abu a ƙofa, in bai dace ba ya koma da yunwarsa. In aka samu gashi ko ƙwaro a loma, ya saki hannu, cin ranar ya ƙare, har ruwa sai gobe. Shi ya sa masu ba shi abinci suke murje kowace loma da yatsa kafin su miƙa. Gashin kai da gemu da hannu ake tuge su, duk bayan wata biyu zuwa huɗu, ana shafa toka don yatsu su kama. Mata masu wannan rayuwa a cikinsu ana kiransu ariyika, farin zane ɗaya suke ɗaurawa.

Shuwetambara kuwa farin tufafi suke sawa, tsintsiyarsu ta zaren ulu ce, suna da akushin katako, suna bi gida-gida suna karɓar ɗan kaɗan-kaɗan yadda ba wanda zai sake ɗora tukunya saboda su. Abincin da aka dafa musamman don muni haramun ne gare shi, kuma wannan ne kuskuren da masu gida suka fi yi don son lada. In ka ga an ɗaure ƙyalle a baki kullum, to ɗan reshensu na Sitanakawasi ne ko na Terapant, sauran a hannu suke riƙe shi sai za su yi magana. Duk ɓangarorin biyu ba sa hawa abin hawa, ba sa ci bayan faɗuwar rana, kuma wata huɗu na damina a gari ɗaya suke zama don kada su tattake tsiro da ƙwari. A wannan zaman ne ake yin karatu mai nauyi. Mata masu wannan rayuwa sun fi maza yawa nesa ba kusa ba.

Sanadinsu a rubuce yake, sunansa pattawali. Shuwetambara suna jan nasu zuwa Sudarma, almajirin Mahawira. Ga misali na kusa daga Digambara: Shantisagar, wanda ya mutu a 1955, shi ya farfaɗo da layin, daga shi sai Wirsagar, Shiwsagar, Giyansagar, sai Widyasagar da ya mutu ran 18 ga Fabrairu 2024 a Dongargar bayan ya daina ci da sha bisa al'adarsu ta sallekana, sai Samaysagar. Ka ga sagar a nan ba shi da alaƙa da Sagara na layin Shankara. In kuma suna ya ƙare da suri, acariyan Shuwetambara ne, kamar Hirawijaya Suri da sarki Akbar ya gayyata fadarsa a farkon shekarun 1580.

In mutum ɗaya za ka riƙe cikin malamansu, riƙe Hemacandira na Gujarat, wanda ya rayu a ƙarni na 12. Sarki Siddaraja ya sa shi rubuta nahawu, ya yi babi takwas, bakwai kan Sanskirit, na takwas kan harsunan talakawa, kuma da wannan babin ake bin asalin harshen Gujarati. Ya yi ƙamus, ya yi tarihin manyan mutane 63, ya yi littafin aruli. A cikin arulin ne ya kawo lissafin hanyoyin jera gaɓa gajera mai bugu ɗaya da doguwa mai bugu biyu: 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta. Wannan wajen 1150 ne, Fibonaci na Italiya da ake jingina wa jerin sai 1202 ya rubuta nasa. Shi ma Hemacandira ba shi ya fara ba, Wirahanka ya riga shi da ƙarnuka.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Allah ya saka da alheri Yaya Malama, da sauran malamai. Saura ɗaya. Na ji ana cewa Panini shi ne Sibawaihinsu, har wai masu kwamfuta suna nazarinsa. Malam Mai Nahawu, me ya yi haka, kuma da littafinsa ake fara karatu?

Mai Nahawu, Masanawa:

Ba da shi ake farawa ba, wanda ya fara da shi zai gudu. Kwatancen da Sibawaihi ya yi daidai ta fuskar matsayi, amma aikin ya bambanta. Sibawaihi yana kawo maganar Larabawa ya tattauna ta. Panini injin ƙera kalma ya gina: ka zuba saiwa da ɗafi, ka bi ƙa'idoji, kalma ta fito a gama.

Mutumin Shalatura ne, a arewa maso yammacin Pakistan ta yau, wajen ƙarni na 5 ko na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafin sunansa Ashtadiyayi, wato mai babi takwas, kowane babi kashi huɗu, ƙa'idoji kusan 4,000. Yana tafiya da jerin saiwoyin aikatau wajen 2,000 a aji goma, da layuka 14 da aka jera sautukan harshen a cikinsu. Waɗannan layukan su ne mabuɗi. Kowane layi yana ƙarewa da baƙi na alama wanda ba a lissafa shi. Na farko: a i u, alama n. Na biyu: wasulan r da l, alama k. Na uku: e o, alama ng. Na huɗu: ai au, alama c. In yana son ya ambaci rukuni, sai ya ɗauki sautin farko ya haɗa da alamar inda yake son tsayawa. "Ac" na nufin duk wasula, daga a har alamar c. "Ik" na nufin i, u, r, l. "Yan" na nufin y, w, r, l na baƙi.

Ga ƙa'ida ta 6.1.77: iko yan aci. Kalma uku ce, kuma i'irabin kowace shi ne umarnin. Ta farko tana da ɗafin mallaka, ma'anarsa "a madadin". Ta biyu ita ce abin da za a sa. Ta uku tana da ɗafin wuri, ma'anarsa "idan wannan ya biyo". Fassara: a madadin i, u, r, l, sa y, w, r, l bi da bi, idan wasali ya biyo. Dadi, wato kindirmo, da atira, wato nan, sai su zama dadyatira. Madu, zuma, ya ba da madwatira.

Wuraren da ɗalibi ke faɗuwa huɗu ne. Na ɗaya, kalma tana gangarowa daga ƙa'ida zuwa na bayanta ba tare da an maimaita ta ba. Wannan "aci" yana ci gaba da aiki a ƙa'idojin da ke biye, don haka wanda ya tsinci ƙa'ida ɗaya daga tsakiya rabin jimla ya tsinta. Na biyu, keɓantacciya tana kayar da gama-gari. Dadi da iha ba ya zama dadyiha, domin 6.1.101 ta ce wasali biyu masu kama da juna dogo ɗaya suke zama. Na uku, daga 8.2.1 zuwa ƙarshen littafi, ƙa'idojin kamar babu su ne a idon na gabansu, dole a bi su a jere a ƙarshen aiki. Na huɗu, alamar n ta zo sau biyu, a layi na ɗaya da na shida, kuma littafin bai ce wacce yake nufi a kowane wuri ba. Amsarsu a kan wannan ita ce daga bakin mai sharhi ake sanin abin da ake nufi. Ka ga inda parampara ta shigo har cikin nahawu. Son taƙaitawarsu ya kai suna cewa manahawci in ya rage rabin bugun wasali yana murna kamar an yi masa haihuwar ɗa namiji.

Bayansa Katiyayana ya yi gyare-gyare, Patanjali ya yi babban sharhi, su ukun ake kira munai uku na nahawu. A ƙarni na 17 Battoji Dikshita ya sake jera ƙa'idojin bisa maudu'i a Siddanta Kaumudi, almajirinsa Waradaraja ya taƙaita shi a Lagu Kaumudi. Wannan ne Ajurumarsu. Kafin shi ma yaro yakan haddace ƙamus ɗin Amarakosha, wanda waƙe ne, da jadawalin suna: yanayin i'irabi takwas sau adadi uku, tilo, tasniya da jam'i, siga 24 ga suna ɗaya, ana farawa da sunan Rama. Aibin hanyar Kaumudi shi ne ta tsinka jerin asali, ɗalibi ba ya ganin kalmar da ke gangarowa, shi ya sa wasu makarantu, musamman na ƙungiyar Hindu ta Arya Samaj, suka koma haddace Ashtadiyayi a jerinsa tukuna.

Batun kwamfuta, gaskiyarsa ita ce tsarin ƙa'idojinsa ya yi kama da yadda ake bayyana harsunan kwamfuta, masana sun daɗe da lura da haka. Amma maganar da ke yawo a Facebook cewa Sanskirit ne harshen da kwamfuta ta fi so, ko wai da shi za a riƙa sarrafa ta, zuƙi ta malle ce.

Baban Ɗalibai, Gafai:

Bayani ya yi. Gyara biyu kawai ga wanda zai rubuta wannan a takarda, don kada a kama shi.

Shekarun Shankara: za ka ga 788 zuwa 820 a yawancin littattafai, za ka kuma ga jerin wasu cibiyoyi, kamar Duwarka da Kanci, wadda ba ta cikin huɗun da aka lissafa a sama, sun kai shi 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tazarar ta fi shekara dubu. Abin da ke yanke hukunci shi ne a sharhinsa yana mayar da martani ga ra'ayoyin malaman Buda irin su Darmakirti na ƙarni na 7, kuma ba a yi wa wanda ba a haifa ba raddi. Masu bincike a ƙarni na 8 suke ajiye shi. Haka nan littattafan da ke ɗauke da sunansa sun kai ɗaruruwa, ga mutumin da aka ce shekara 32 ya yi a duniya. Dalili shi ne duk wanda ya hau kujerar ɗaya daga cibiyoyin nan Shankaracariya ake kiransa, sai rubutun magada ya tattaru a kan na farko. Ma'aunin da ake amfani da shi sharhin Barahma Sutira ne: abin da ya dace da shi a lafazi da amfani da kalmomi a karɓa, kamar Upadeshasahasiri, abin da ya saɓa a ajiye shi gefe, ko da ya shahara kamar Wiwekacudamani.

Na biyu, Patanjali. Al'ada ta ce mutum ɗaya ne ya yi sharhin nahawu da matanin Yoga. Na nahawu ya ambaci hadayar sarki Pushyamitira a matsayin abin da ake yi a lokacinsa, wannan ya sa shi wajen 150 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Matanin Yoga, mai ƙa'idoji 195 ko 196 a kashi huɗu, yawancin masana suna sa shi ƙarnuka bayan haka. Ka rubuta su a matsayin mutum biyu, ka ambaci abin da al'ada ta ce.

Ɗana mai tambaya, tunda kana karanta Larabci, ba sai ka bi ta Turawa ba. Abu Raihan al-Biruni ya koyi Sanskirit, ya zauna da pandit-pandit, ya gama Tahƙiƙu ma lil Hind wajen 1030, babi 80, ya kuma fassara matanin Yoga ɗin nan da sunan Kitabu Batanjal. A farkon littafin ya faɗi cewa hikaya yake yi ba jayayya ba. Fara da babi na 12 zuwa na 14, a nan ya yi maganar Weda da yadda ake haddace ta, da nahawu da aruli, da sauran littattafansu. Sai dai ka riƙe alƙalami a hannu, domin sunayen sun bi ta rubutun Larabci mara wasali sun canza kama, sai ka riƙa daidaita su da yadda aka rubuta a sama.